Ranar da Totuwa Ta Ɗauke Wuta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kowa Auta yake ce mata. Babanta ne yake ba unguwarsu wutar lantarki. Amma injinsa ba ya shan fetur. Da totuwar masara yake aiki.

A bayan gidansu akwai rumfar kwano. A ƙarƙashinta akwai wata doguwar tukunyar ƙarfe, ta fi Baba tsayi. Kullum da safe sai ya hau tsani, ya juye buhunan totuwa a ciki, ya rufe murfi. Daga tukunyar iskar gas take fita, ta bi bututu zuwa janareta. Da wannan wutar makaranta take kunna fanka. Da ita tela yake ɗinki. Da ita firijin ƙaramin asibitin unguwa yake sanyi.

Wani dattijo mai amalanke ne yake kawo totuwar daga gonaki. Auta kuma ita ce mai shanya. Takan baza ta a kan tamfol. Idan ta bushe, ta zuba a buhu. Idan hadari ya taso, ta kwashe ta kai rumfa.

Ran Litinin da la'asar Baba zai tafi sayo baƙin man injin. Ya dubi sama.

"Auta, ban yarda da gajimaren can ba. Ki sa ido a kan shanyar nan."

"To, Baba."

Ko minti goma bai yi da fita ba, ƙawayenta suka leƙo da sabuwar igiyar tsalle. Auta ta ce a ranta sau ɗaya kawai za ta yi. Ta yi ɗaya, ta yi biyu. Ana cikin na biyar ruwa ya ɓarke. Ta sheƙo gida a guje, amma totuwa ta riga ta sha ruwa ta ƙoshi.

Ruwan bai daɗe ba. Rana ta sake fitowa. Kafin magariba bayan totuwar ya bushe. Auta ta karya guda ɗaya, ta ga cikinta a jiƙe yake sharkaf. Ta waiga, ba kowa. Sai ta cika buhu huɗu da jiƙaƙƙiyar, ta kawo busasshiya ta rufe saman kowane buhu.

Da Baba ya dawo ya tambaye ta, "Ruwa bai taɓa ta ba ko?"

"Bai taɓa ba."

"Yawwa 'yar Baba."

Washegari ya juye buhunan a tukunya, ya tada injin. Auta ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta.

Wajen ƙarfe goma fankar aji ta fara juyawa a hankali. Ƙwan fitila ya yi ja, ya mutu. Fanka ta tsaya cak.

"Wayyo zafi!" in ji yara.

Wani yaro ya ce, "Malama, injin su Auta ya ƙware da totuwa. A ba shi ruwa ya sha!"

Aji ya fashe da dariya. Malama ta buga tebur.

"Ya isa. Tunda wuta ta tafi, bari mu san daga ina take zuwa. Auta, taso ki gaya mana. Ƙona totuwar ake yi?"

Auta ta miƙe. "Ba a ƙona ta ƙurmus, Malama. Iska kaɗan ake bari ta shiga tukunyar. Sai totuwar ta yi zafi sosai, ta riƙa fitar da gas. Gas ɗin yana bi ta matata mai cike da dusar katako, ya fito da tsabta, ya shiga janareta."

"Madalla. Me ya sa muke cewa wannan makamashi ba ya ƙarewa?"

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Saboda kowace shekara ana noma masara. Kuma da can zubar da totuwar ake yi."

"Haka ne. To Auta, me yake iya tsayar da injin?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Idan totuwar jiƙaƙƙiya ce. Tukunyar ba ta yin zafi yadda ya kamata. Sai kwalta ta taru, ta toshe matata."

"Kin iya darasinki," in ji Malama. "Ku tafa mata."

Aka tafa. Auta ta zauna, amma ko murmushi ba ta yi ba.

Da aka tashi, ta biyo ta gaban asibiti. Mata sun cika baranda, kowace da jariri a hannu. Yau ranar allurar rigakafi ce. Mama ma tana can, ta raka maƙwabciyarsu da jaririnta. Nas tana ɗaure wani farin akwati a bayan babur.

"Mama, ina za ta je?"

"Firiji ya fara hucewa," in ji Mama. "Idan maganin allurar ya yi ɗumi, ya lalace. Za ta kai shi babban asibiti kafin ƙanƙarar akwatin ta narke."

Nas ta juyo, zufa tana zubo mata. "Ku yi haƙuri, iyaye. Yau babu allura. Ku koma gida sai na aiko muku."

Wata mata ta gyara goyonta. "Tun hantsi nake tafe a ƙafa da yaron nan," ta ce. Ta juya ta tafi.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A gida ta tarar Baba ya kwance bututu. Hannuwansa baƙi ƙirin da kwalta. Tela yana tsaye a bakin rumfa da riga rabin ɗinki a kafaɗa. Sai ga dattijo ya turo amalankensa, ya yi sallama.

Baba ya amsa a taƙaice. Ya miƙa masa totuwa guda.

"Dattijo, karya ka gani."

Dattijo ya karya. Ya taɓa cikin da yatsa.

"Wannan ai jiƙaƙƙiya ce."

"Ita ce ta tsayar da unguwa yau. Na tambayi yarinyar nan, ta ce ruwa bai taɓa shanyarta ba. Ke nan daga gona aka kawo ta haka. Ka yi haƙuri, ka mayar da kayanka. Zan nemi wani ya riƙa kawo mini."

Dattijo ya cire hularsa ya share goshi.

"Shekara uku ina kawo maka," ya ce a hankali. "Ban taɓa cutar ka ba. Amma tunda ka ce haka, shi ke nan."

Ya kama hannun amalanke zai juya. Auta ta jefar da jakarta.

"Kaka, tsaya! Baba, ba shi ba ne. Ni ce."

Kowa ya juyo.

"Na tafi tsallen igiya, ruwa ya daki totuwar. Na ɓoye jiƙaƙƙiyar a ƙasan buhu. Da ka tambaye ni na yi maka ƙarya."

Hawaye ya zubo mata. Baba ya juya wajen dattijo, ya rusuna.

"Na yi maka laifi, Dattijo. Na yanke hukunci ban bincika ba. Ka yafe mini."

"Ba komai, ɗana. Ya wuce."

Baba ya kira Auta kusa.

"Da kin faɗa mini jiya, me kike jin zai faru?"

"Za ka yi mini faɗa."

"Zan yi, na minti biyu. Sannan in ɗauko busasshiya daga ajiya. Da yanzu jarirai sun sha allurarsu. Ruwan sama bai tsayar da injin nan ba, Auta. Ƙaryar ce ta tsayar da shi."

Ya miƙa mata safar hannu. Tukunya ta riga ta huce. Auta ta kwashe baƙar dusar katako daga matata, ta zuba sabuwa. Ta wanke bututu uku da buroshi. Kwalta ta ɓata mata gwiwar hannu, wari ya cika mata hanci. Tela ya riƙe musu tsani. Dattijo ya tsaya yana karya totuwa yana ware busasshiya.

Da la'asar Baba ya tada injin. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama.

"Alhamdu lillahi!" in ji tela. Ya ruga shago da rigarsa.

Da safe Mama ta raka Auta asibiti. Auta ta durƙusa ta ba nas haƙuri.

"Maganin bai lalace ba, na isa a kan lokaci," in ji nas. "Amma gobe za ki zo ki jera wa iyaye benci bayan makaranta."

Auta ta je. Ta jera benci, ta ɗebo wa mata ruwan sha. Duk jariran suka samu allura, har da na matar da ta zo daga nesa.

Ran Asabar tana shara kusa da janareta, ta ji iska mai zafi tana bugun ƙafarta.

"Baba, wannan zafin a banza yake tafiya. Ba zai busar da totuwa ba?"

Baba ya sa hannu ya ji. Ya yi dariya. "Ai kuwa zai busar!"

Suka haɗa ragar ƙarfe a gefen injin, a cikin rumfa. Tun daga ranar, ko ana ruwa totuwa tana bushewa.

Auta ta koyi darasi. Idan an ba ka amana, ka riƙe ta. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin ya cutar da wanda bai san komai ba.