Hular Da Aka Ɗinka Da Hagu

Wata bakwai ke nan Rauda tana kwana a ɗakin hatsi na gidan Inno a Kankiya, tun ranar da 'yan bindiga suka ƙone garinsu suka kashe mijinta. Inno gwaggon marigayin ce, amma wallahi ko kallon arziki ba ta yi mata! Wai bahaguwa ce, baƙin hannunta ne ya cinye masu ɗa. Kwanonta daban, tabarmarta daban... In kuka ya ci ƙarfinta sai ta ɗauki allura ta hau ɗinkin hula, ba mai ce mata sannu.

Ana haka wata Hajiya Haulatu 'yar Kusada ta buɗe gidan sana'a a garin. Ta taɓa zama Jodan, ta ga matan Falasɗinu 'yan gudun hijira suna ci da kansu da ɗinkin hannu. Ta ce duk wadda aikinta ya fi kyau, ɗaki da keken ɗinki nata ne. Sati biyar Rauda ta yi a kan hula ɗaya, har yatsunta suka fashe. Ranar kaiwa ta nema ta rasa! Ashe Kamila ɗiyar Inno, mai kwaɗayin keken, ta riga ta kai da sunanta. Daga Rauda ta ce tata ce, Inno ta kwaɗa mata mari, ta watso ƙunshin kayanta waje.

Ina za ta? Haka ta isa gaban Hajiya, hawaye shaɓe-shaɓe, su Inno na biye suna kiranta maƙaryaciya.

"Hajiya, ba ni da mai shaida sai Allah."

Hajiya ta juya hular ciki-waje, ta ce matan Falasɗinun nan sun koya mata daga baya ake duba aiki. Ta miƙa wa Rauda da Kamila kowacce allura da ƙyalle, ta ce su ɗinka. Ɗinkin Kamila ya kwanta dama. Na Rauda ya kwanta hagu, sak na jikin hular!

Kamila ta fita ana yi mata ihun ɓarauniya, Inno na jan mayafi tana rufe fuska. Hajiya ta kama hannun hagun Rauda ta riƙe.

"Ɗiyata, wannan hannun ne zai ciyar da ke."

Da rana aka kawo tuwo. Rauda ta ja gefe yadda ta saba, tana jiran nata kwanon. Hajiya ta turo na gabanta ta ce, "Matso mu ci."