Babur Ɗin da Ke Mutuwa a Bakin Maƙabarta

Ranar da Tilek ya fara ganin Begimai ina wurin, zaune a ƙofar garejinsa ina shan shayi. Ni Toktosun, wanda dutsen ƙauyenmu ya haɗiye ya kasa taunawa ya tofar, babu abin da ke faruwa a kwarin nan bai biyo ta gaban idona ba.

Doki ne ya shigo da yarinya a kansa, yana jan babur ɗin ƙanƙara da igiya kamar an kamo ɓarawo. Baƙi biyu na biye, katakan da suke zamiya da su kan ƙanƙara a kafaɗa, suna haki.

"Kai ne sabon bakaniken da aka kawo daga Karakol?" in ji yarinyar.

Tilek ya ɗago, fuska duk baƙin mai. Sifanar hannunsa ta suɓuce ta nutse a dusar ƙanƙara.

"Ni ne."

"To ga gawa na kawo maka. In ta tashi, ka iya. In ba ta tashi ba, dokin babana ya fi ku daraja, kai da ita."

Bel ne ya tsinke. Kafin shayina ya huce ya sa wani, ya ja igiyar tayarwa, inji ya amsa. Sifanar kuwa sai da bazara ta zo aka gan ta.

Begimai 'yar Orozali ce, ita ke yi wa baƙi jagora, waɗanda ke tasowa daga wata uwa duniya don kawai su zamo daga kan dutsenmu. Tun daga ranar aiki ya haɗa su. Shi ke jan su zuwa sama da igiya, ita ke sauko da su.

Sau ɗaya na yarda suka ɗauke ni. A can sama, da ya kashe inji, sai na ji bugun zuciyata. Duwatsu farare sun jeru har inda ido ya gaza, gajimare yana ƙasanmu, gaggafa na shawagi muna kallon bayanta. Begimai ta gyara tabarau ta saki jiki. Ta gangara tana lanƙwasa, farar ƙura na tashi a bayanta, ba ƙara ko kaɗan. Na juya zan yi wa Tilek magana, na ga ya manta bakinsa a buɗe.

"Rufe, kada haƙoranka su daskare," na ce.

Saƙonninsu, Begimai ce ta karanta mini daga baya, domin ni tun ina ƙarami na tsere wa makaranta na bi tumaki, kuma ga ni na binne malaman duka.

"Farar tsuntsuwata, na canza miki fulogi, na ɗaure birki. Gobe ki sa safa biyu."

"Bakanikena, wannan ce soyayyar taka? Fulogi da safa?"

"Ita na iya. Sauran yana maƙogwaro, ya ƙi tashi."

"Ka ja masa igiya."

Da magana ta kai ga Orozali, sai ya zaunar da yaron ya zuba masa shayi, ya yi masa tambayar da ake wa duk mai neman aure a wurinmu.

"Lissafo mini kakanninka bakwai."

Tilek ya sunkuyar da kai. "A gidan marayu na tashi, Baba. Ko sunan nan, wata mai aikin jinya ce ta sa mini."

"Ka yi haƙuri, yaro. Jikokina in an tambaye su, sunan wa za su kira? Yamaha?"

Ga kuma Dastan, ɗan mai masaukin baƙi, shi ma yana neman Begimai, da sabon babur ja da kakanni har goma sha wani abu. Shi ya fara lura da abin da ya tada ƙura. Hanyar hawa dutse ta bi ta gefen maƙabartar ƙauye ne, kuma duk safiyar da Tilek ya fita shi kaɗai duba hanya, yana kaiwa nan sai injinsa ya mutu. A hango shi ya sauka, ya buɗe murfi, ya cusa kai da hannuwa ciki, can ya rufe ya tura babur ɗin da ƙarfinsa har ya wuce katangar maƙabartar, sannan ya tashi.

"Bakanike guda, nasa na mutuwa kullum!" in ji Dastan a kanti. "Ba inji ba ne, jama'a. Magabata ne ba sa son wucewarsa."

Tsofaffin mata suka ɗauka, kafin mako ya zagayo ta zama gaskiya. Begimai ta same shi a gareji, idonta jawur.

"Ka gyara shi mana! Ka gyara na kowa, naka ya gagare ka?"

"Lafiyarsa ƙalau, tsuntsuwata."

"To me ke kashe shi?"

Ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

"Asabar dangin Dastan za su kawo 'yan kunnen baiko. In suka shiga kunnena, shi ke nan. Ni ina faɗa da babana saboda kai, kai kana ɓoye mini abu?"

Da yamma ta tura masa: "Wanda ba zai gaya mini gaskiya a ƙasa ba, ba zan riƙe igiyarsa a kan dutse ba."

Yanzu sai in gaya muku nawa. Shekarar da ƙanƙara ta zaftaro mana, mu biyu ta rufe, ni da ɗana Kubat, shi kaɗai Allah Ya ba ni. Na tona kaina da hannun nan, na bar yatsun ƙafa uku a can, likitoci suka ce ba a taɓa ganin irina ba, kuma gaskiyarsu ne. Kubat sai da bazara muka same shi.

Safiyar Alhamis na je wurinsa a maƙabarta. Ina zaune a bayan ginin kabarin, rana ta fara taɓa kawunan duwatsu sun koma ja kamar garwashi, sai na ji babur na tahowa. Ya iso katanga. Da idona na ga yatsan Tilek ya danna maɓallin kashewa.

Ya buɗe murfi, ya ɓoye tafukansa a ciki, ya karanta Fatiha. Sannan ya shiga kiran sunayen da ke rubuce a duwatsun kaburbura, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai gaida manya.

"Kubat ɗan Toktosun."

Shekara da shekaru ina shafa rubutun nan da hannu, ban taɓa jin wani ya karanta mini shi ba. Ni da ban yi kuka a ƙarƙashin dutse ba, gemuna ya jiƙe.

Na fito. Yaron ya kusa faɗawa cikin inji.

"Baba Toktosun! Fulogi ne..."

"Fulogin gidanku! Me ya sa kake ɓoyewa?"

Ya ce, "Masu doki suna wucewa a hankali su shafa addu'a. Na ga bai dace in wuce su da ƙara ba. Nawa ma suna kwance wani wuri, ina fata wani yana tsaya musu. Amma in an gani, za a ce mara kowa yana raɓar matattun mutane don a ba shi mata."

Ban jira Asabar ba. Washegari na ja Orozali da hannun riga zuwa maƙabarta tun kafin ya karya.

"Tsoho, ka haukace ne? Sanyin nan?"

"Sanyin da ya kasa kashe ni? Yi shiru ka tsuguna."

Begimai ta biyo mu a ɓoye, na gan ta na yi kamar ban gani ba. Babur ya zo, ya yi shiru. Sunaye suka fara fitowa daga ƙarƙashin murfi. Na huɗu mahaifin Orozali ne, na biyar kakansa. Na ji numfashinsa ya canza.

Na raɗa masa, "Don me ake haddace kakanni, in ba don a samu mai yi musu addu'a ba? Ban ce ni na haife shi ba. Amma ni zan tsaya masa uba, gidana gidansa ne. Ka ƙi ni in gani."

Begimai ce ta tsallake katanga, ƙanƙara har gwiwa.

"Wawa! Wannan ne ka kasa gaya mini?"

"Yana maƙogwaro, tsuntsuwata."

"Ai na ce ka ja masa igiya!" Tana dariya tana kuka.

Orozali ya miƙe ya kakkaɓe hularsa. "Yaro, ka rufe murfin nan. Daga yau ka ɗaga hannunka a fili."

'Yan kunnen matata marigayiya na kai, na azurfa, da kaina. Dastan ya yi fushi na kwana biyu, ranar biki kuma shi ya fi kowa cin nama.

An ɗauko amarya a bayan Tilek, farin ɗankwali a kanta, babura a jere har da jan nan na Dastan. Da aka iso katanga, ba wanda ya ba da umarni, injuna suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Shiru ya sauko daga duwatsu ya rufe mu. Ƙauye guda ya ɗaga hannu, Tilek ya kira sunayen da ƙarfi, muka shafa.

Sai aka zo tashi. Kowa ya tashi, ban da na ango. Ya ja igiya, ya ja, ya ja. A karo na farko, babur ɗin ya mutu da gaske.

Orozali ya sauko daga dokinsa yana murmushi, ya miƙa wa 'yarsa linzami. Haka suka shiga gidana, doki a gaba, amarya a kai, ango a baya ana jan sa da igiya.

Allah Ya sa albarka a tsakaninku, 'ya'yana, Ya ba ku masu tsayawa a katanga. Na riga na nuna wa Tilek inda za a sa ni, kusa da Kubat. Amma ya san ba da wuri ba. Dutse ma ya gwada.