Alƙalamin da Ba Ya Yarda da Hadda

"Ka tsaya nan, ka yi tunani. Madalla. Goge wannan kalmar, ka sake."

Muryar Mai-Lura ce ke fita daga allon bangon Zauren Ilimi na Birnin Sabon Tsauni, tana yi wa wani ɗalibi gyara a gaban jama'a. Mai-Lura alƙalami ne mai ƙwaƙwalwa. Ba abin da ka rubuta kaɗai yake dubawa ba. Yana auna nauyin hannunka da inda ka dakata da inda ka goge, daga nan ya yanke hukunci ko tunaninka ne ko sata ka yi.

Tanimu na zaune a layin baya da rigar masu kai saƙo. Bai tafa ba.

Shi tun yana ƙarami a ka yake rubutu. Haka kakansa ya koya masa: ka yi ta juya magana a zuci kana tafiya, sai ta nuna, sannan ka zuba ta a takarda gaba ɗaya. Ranar jarrabawar fita sakandare haka ya yi. Bai dakata ba, bai goge ba. Mai-Lura ya ce kwafe ne. Ya ɗaukaka ƙara gaban Farfesa Zailani, wanda ya ƙera alƙalamin. Farfesa ko ɗago kai bai yi ba.

"Yaro, na'ura ba ta da ƙiyayya. Je ka nemi sana'a."

Ya nemi sana'ar. Amma tun daga ranar babu jawabin Farfesa da ya wuce shi, har ya gane abu ɗaya: mutumin nan magana guda yake maimaitawa a ko'ina, ko wasali ba ya canzawa. Abin da Tanimu ke so bai da yawa. A kunyata Farfesa, a kashe alƙalamin, a wanke sunansa.

Yau ma, da Farfesa ya gama jawabinsa a zauren aka ba da damar tambaya, Tanimu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, mu jahilai ba mu gane ba. Ka rubuta mana da alƙalamin naka, mene ne Mai-Lura?"

Aka yi dariya. Farfesa ma ya murmusa, ya gyara babbar riga.

"Ɗan saƙo, yau za ka koma gida da ilimi kyauta."

Ya ɗauki alƙalamin. Hannunsa ya tafi sumul kamar ruwa a kwata, layi bayan layi yana bayyana a bango. Ya ɗiga aya, ya juyo yana jiran tafi.

"Babu dakatawa," in ji Mai-Lura. "Babu gogewa. Wannan ba tunanin mai rubutun ba ne. Kwafe ne."

Farfesa ya juya ga allon a fusace.

"Kai! Maganata ce! Ni na ƙera ka!"

"Ranka ya daɗe," Tanimu ya ɗaga murya, "na'ura ba ta da ƙiyayya."

Sai ihu ya ɓarke. Tanimu ya ga gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hular Farfesa, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da ya daɗe bai ji ba. Ya zauna yana jira a ce an yi kuskure, a dawo da duk waɗanda aka kora.

Hajiya Gambo, shugabar hukumar ilimi, ta gama ƙus-ƙus da mutanenta, ta karɓi makirufo.

"Jama'a, yau mun ga adalci da idonmu. Na'urar da ba ta raga wa maƙerinta ba, wa za ta raga wa? An sallami Farfesa Zailani. Kuma daga yau an rufe ofishin ɗaukaka ƙara. Abin da Mai-Lura ya faɗa, ya zauna."

Zauren ya miƙe da tafi. Aka fita da Farfesa ta ƙofar gefe, babu wanda ya kalle shi.

Tanimu ya tsaya a bakin ƙofa. Fansa ya zo ɗauka, ya kuma ɗauka. Sai dai mutum ɗaya tak a birnin nan yake da ikon cewa alƙalamin ya yi ƙarya, kuma Tanimu da bakinsa ya sa aka kori mutumin.