Inda Inna Take Alwala

Kaftau ya shiga gida na goma sha bakwai a Unguwar Ɗinya da hantsi, yana tafiya a kan ƙafafunsa shida na ƙarfe. Ya haska tsakar gidan da idonsa na lantarki, ya ga koren ciyawa, ya sunkuyar da haƙoransa ya fara aiki. Kafin a dafa shayi ya gama.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. A shekarar 2094 rijiyoyin Birnin Rafi sun ja baya ƙwarai, sai hukumar ruwa ta hana kowa ajiye ciyawar ado a gida. Kaftau yakan kankare ciyawar da ƙasarta har zurfin kamu biyu, ya niƙe a cikinsa, ya tura ta bututu zuwa babbar ma'ajiya inda ake gauraya ƙasar birni duka. A gurbinta yakan shimfiɗa tsakuwa, ya dasa lalle da kabar giwa da zogale, waɗanda ba su damu da ƙishi ba.

Injiniya Gambo Shu'aibu ce ta ƙera shi, kuma gidan mahaifiyarta ne na goma sha takwas.

A bayan ɗakin Inna Laraba akwai ɗan filin ciyawar kiri-kiri da bai fi tabarma ɗaya ba. Tun Gambo tana rarrafe take ganinsa kore shar, rani da damina. Nan Inna take ajiye kujerarta 'yar tsugunno ta yi alwala.

"Gambo, wannan dodon naki mai cin ciyawa," in ji Inna tana tsince wake, "ki ce masa ya tsallake mini bayan ɗaki."

"Inna, ni na kawo dokar nan gaban hukuma. In na tsallake gidanmu, da wane ido zan kalli maƙwabta?"

"Da idon da kike kallona."

Gambo ta yi dariya. "To me ke cikin ciyawar nan? Zan dasa miki lalle, ki riƙa ƙunshi kamar amarya."

Inna ta daɗe tana juya wake a faranti. "Ba komai," ta ce. "Sabo ne kawai."

Gambo ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ta tsara cewa Kaftau zai shiga ranar Talata, lokacin da Inna za ta tafi duba ƙanwar mijinta Gwaggo Tabawa, don kada ƙarar ta dame ta. A ganinta tausayi ne.

Ranar Talatar da la'asar Inna ta dawo tare da Gwaggo. Ta ɗauki butarta ta zagaya bayan ɗaki. Can Gambo da Gwaggo suka ji butar ta faɗi.

Sun same ta tsaye a kan farar tsakuwa, tana duban ƙananan dashen lalle guda uku da aka jera a layi. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta tone tsakuwar da yatsunta, ta tarar da baƙuwar ƙasa a ƙarƙashi, ta mayar ta rufe.

Gwaggo Tabawa ta kama hannun Gambo ta ja ta gefe.

"Ke da karatunki duka, ba ki taɓa tambayar me ya sa ake ce miki Gambo ba?"

"Na sani mana, Gwaggo. Tagwaye nake bi. Sun rasu ban zo duniya ba."

"Kwanansu tara suka rasu. Maƙabartar da aka kai su, tun shekarar ambaliya ruwa ya share ta. A bayan ɗakin nan aka binne mabiyiyarsu da cibiyarsu, nan uwarki ta yi wankan jegonsu. Abin da ya rage mata ke nan a duniya."

"To don me ba ta faɗa mini ba?"

"'Ya'yan fari ne, 'yar nan. Uwarki ko sunansu ba ta taɓa kamawa ba. Ta yaya za ta buɗe baki ta yi miki zancensu?"

Gambo ta ruga ma'ajiya. Ma'aikacin da ke wurin ya nuna mata tudun ƙasa mai tsayin bene huɗu, ƙasar gidaje dubu tara, injuna suna ta juya ta. Ya tambaye ta wace take nema. Ta juya ta kama hanyar gida.

Da ta dawo ta durƙusa a gaban Inna.

"Tashi," in ji Inna a hankali. "Ke kin tambaya. Ni ce ban faɗa ba."

Washegari allon hannun Gambo ya kawo rahoton Kaftau, kamar yadda yake yi bayan kowane gida. Birni ya rage shan ruwa da kashi talatin cikin ɗari, hukuma tana taya ta murna. Gambo ta gangara cikin rahoton zuwa gida na goma sha takwas. Na'urar ta duba tarihin famfon gidan na shekara arba'in, ba ta ga ɗigo ɗaya da aka taɓa ba ciyawar ba. Ruwan alwala ne kaɗai yake sauka a kanta, sau biyar a yini.

A ƙasan shafin an rubuta: Ruwan da aka ceto a wannan gida, babu.

Ta ɗaga kai ta leƙa ta taga. Inna ta fito da butarta da kujerarta, tana tsaye a tsakar gida, tana duban inda za ta zauna.