Mai Marina da Baƙin Hannu

A wani gari can da daɗewa, an yi wani mai marina da yake so ya san wanda ke son aikinsa da gaske cikin ma'aikatansa. Sai ya ce, "Wanda hannunsa ya fi baƙi da baba, shi ke da babban kwanon tuwo."

Daga ranar kowa ya koma tsoma hannu a ramin rini. Hannuwa suka yi baƙi ƙirin, zannuwa kuwa suka fito dabbare-dabbare. Masu kawo rini suka fara ɗauke ƙafa.

Hankalin mai marina ya tashi. Ya zauna a ƙasa cikin ma'aikatan ya ce, "Me ke damunku?"

Wani dattijo ya ce, "Maigida, kullum hannunmu kake dubawa. Ka taɓa duba ƙeyarmu? Rana ta gasa ta kamar tsire!"

Aka yi dariya. Washegari mai marina ya ɗauko itace da zana, ya kafa musu rumfa da kansa. Kwanon tuwo kuma ya zama ɗaya.

Wata Juma'a, ba ranar aiki ba, hadari ya taso alhali zannuwan mutane na kan shanya. Mai marina ya sheƙo a guje. Ko da ya iso, sai ya tarar da ma'aikatansa a rumfa, sun jiƙe sharkaf, zannuwan kuwa a ninke, a bushe.

Dattijon ya miƙa hannu. "Za ka duba, Maigida?"

Mai marina bai duba ba. Ya kama hannun ya riƙe.