Ranar da Na Musanya Dama da Hagu

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ba mai yawan magana ba ce. Ƙanwata ce ta yi ta naci har na gaji.

Ina aiki a ɗakin wanki da guga na wani otal. Tururi ne daga safe har yamma. Tabarau ya yi hazo, in cire in goge da bakin mayafi, in mayar, ya sake yi. Ranar da na ƙona hannun rigar wani baƙo, shugabarmu ta ce ko in nemo mafita ko in nemi wani aikin. Shi ya kai ni shagon gwajin ido neman irin tabarau ɗin nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido.

Mai koya wa mutane sa shi wani dogo ne, idonsa duk gajiya kamar nawa. Ya zaunar da ni gaban madubi.

"Wanke hannu tukuna, ki tsane shi. Ɗora a kan yatsa. In ya zauna kamar ɗan kwano, daidai ne. In bakinsa ya baje kamar faranti, a juye yake."

Da yatsa ya doso sai idona ya rufe da kansa. Na yi ta yi har hawaye ya jiƙa mini mayafi.

"Riƙe fatar sama, ja ta ƙasa. Madubi za ki kalla, ba ƙasa ba."

"Ni ƙasa na saba kallo, Malam."

Ya yi dariya a hankali. "To yau ƙasa ta huta."

Sai a zuwa na uku tabarau ɗin ya shiga idona. Ya koya mini cirewa: in kalli sama, in jawo shi zuwa farin ido, in kama da tsokar yatsu, ban da farce. Ya ce idanuna ba ƙarfinsu ɗaya ba, kullum in fara da na dama don kar su cakuɗe.

Daga nan saƙonsa ya fara zuwa mini a waya.

"Sarauniyar ƙiftawa, kin cire kafin ki kwanta? Ban da ruwan famfo fa."

"Na cire, Malam. Da gajiya ma ana cire ta a jiƙa a ruwa, da na jiƙa."

"Kawo ta nan, in raba mana biyu."

Da maganar ta yi nisa ya ce zai kai ni in gaida mahaifiyarsa. Ya faɗa mini gaskiya: akwai 'yar ƙawarta, malamar asibiti, da take so ya aura.

Ranar da za mu je na taso aiki a makare, ƙafafuna sun kumbura. Cikin sauri na sa na dama a hagu, na hagu a dama. Tun a mota kaina ya fara sarawa, na ɗauka yunwa ce. A falon Hajiya, mahaifiyarsa, komai ya zama bibbiyu. Duk tambayar da ta yi sai in ƙanƙance ido, in haɗe gira, ina neman fuskarta. Hawaye kuma na zuba.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Umma ta ce harararta kika yi ta yi, kuma kuka kike don ba kya so na. Na yi bayani, ta ce kare ki nake. Na gaji, Sarauniya. Ban san abin da zan ƙara ce mata ba."

Kwana da kwanaki ina guga ina tunani. Gwaggona ta ce in haƙura, maza ba su ƙare ba. Ni kuwa na san wannan ɗin ɗaya ne.

Ranar hutuna na tafi gidan ni kaɗai. Bayan gaisuwa na roƙi ruwa da sabulu. Hajiya ta bi ni da kallo. Na wanke hannu a gabanta, na kalli sama, na cire na dama, na cire na hagu.

"Subhanallahi. Yatsa kike sawa a ido?"

"Umma, yanzu da na cire su ban san ko murmushi kike ko faɗa ba. Ranar nan musanya su na yi."

Na ciro tsohon tabarauna na miƙa mata. Ta ɗora a fuska, ta yi saurin cirewa tana dafe kai.

"Ke 'yar nan, da wannan kike ganin duniya? Ai ko ni ce sai na harari sarki."

Sai ta ce in mayar da waɗanda na cire ta gani. Na fara da na dama, suka shiga.

"To yanzu me kika gani?"

"Murmushi kike, Umma."

"Tashi ki zuba abinci, ƙafarki duk ta kumbura."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Hajiya ta riƙe hannuna ta ce Allah ya ba mu zaman lafiya, ya hutar da mu, ya sa mu ga alheri a juna. Muka ce amin. Muka isa ɗakinmu kamar waɗanda aka yi wa duka.

Washegari bayan sallar asuba ya tashi zai dafa shayi. Ina ganinsa dishi-dishi a bakin ƙofa yana tambaya ko in sa tabarau in zo. Na ce a'a, na san waye. Na ja bargo na koma barci har rana ta take.