Ƙaryar da Ta Samo Mata Ɗaki

Ranar Laraba Sammani ya fara ganin Ikilima, kuma a ranar ya haramta wa kansa ita.

Tana tsaye a zauren Hajiya Tasalla a garin Isa, akwati a gefenta, idanunta cike da ƙwalla. Daga Tibiri ta Nijar ta zo karatun ungozoma, gida na huɗu ke nan da aka hana ta haya.

"Ɗiyata, ba ni ba budurwa ɗaki in babu nata a gari," in ji Hajiya.

"Ga takarduna, Inna..."

"In na kira takarda amsawa take?"

Sammani malamin firamare ne daga Sabon Birni, shi ke haya a ɗakin waje. Babur ɗinsa ya zo turawa, sai ta ɗago ta dube shi, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Hajiya, ai ɗiyar kawuna ce."

"Ɗiyar kawu ai ana aurenta! In aje ku gida guda?"

"Nono guda muka sha. Innata ta shayar da ita."

Nan take Hajiya ta kwance makulli daga bakin zaninta. Duk Musulmi ya san babu aure tsakanin waɗanda suka sha nono guda. Malam Sammani ma ya sani, sai dai bai tuna ba sai da ƙofar ta buɗe.

Shekara biyu suka wuce kamar barcin rana. Bayan la'asar sukan zauna gindin dalbejiya, yana warware mata Turancin littattafanta, ita tana yi masa dariya da Faransanci.

"Yayana na ƙarya," takan ce ƙasa-ƙasa, "mi kake kallo?"

"Littafi."

"Littafin a goshina yake?"

Sai ya sunkuyar da kai, ƙamshin humrarta ya bi shi har aji. A ransa ya gama gina mata gida, har da rumfar da za ta duba masu ciki. Bari ta gama jarrabawa tukuna, sai ya tafi Tibiri, inda ƙaryar ba ta taɓa zuwa ba.

Atiku mai kemis ya riga shi. Wata uku kafin jarrabawa ya zo da dattawa biyu da goro, neman izini wurin yayan yarinya. Garin gaisawa ya matso kusa.

"Na bincika, innarka ba ta taɓa taka Tibiri ba," ya raɗa masa. "In ka musa zumuncin gabansu, gari za shi tambayi abin da kuke yi gida guda."

Sammani ya hango akwatinta a titi, da sunanta a bakin mata. Ya karɓi goron.

"Ku tahi wurin mahaifinta."

Da yamma Ikilima ta same shi gindin bishiyar. Hajiya na zaune kusa tana tsince wake, kunnuwanta a buɗe.

"An ce ka amshi goro."

"Na amsa."

"Ba ka da wata magana, Yaya? Ko guda?"

"Atiku... yana da sana'a."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta jira shi mako guda, ta ƙara wani, sannan ta aika wa mahaifinta ta yarda.

Ta ci jarrabawarta da sunanta fes. Ranar kai amarya shi aka sa ya buɗe mata mota, tunda aikin yaya ne, mata suna ta sa masa albarkar riƙon zumunci.

"Na gode da ɗaki," ta ce daga cikin lulluɓi.

Ya rufe ƙofar a hankali. Direba ya ja mota kafin Sammani ya samu ce mata tun daga zauren nan, ko na yini guda, bai taɓa ganinta a ƙanwa ba.